Tallafin Ƙasashen Waje: Da Sunanmu Ake Karɓowa, Mu Ne Kuma Masu Biya

Ina neman afuwa domin a wannan fitowa zan ɗan kauce daga maganar da muka saba yi ta takardun rumfa da kamen babura, in taɓo wata magana da wasu za su ga kamar ta fi ƙarfin bakina.

Dalili kuwa shi ne, a taronmu na watan jiya wani dattijo mai shayi, wanda ya haura shekara talatin da teburinsa a kusa da tasha, ya miƙe ya ce da ni: "Sakatare, kai da kake karanta jarida, kullum muna ji a rediyo an ba Nijeriya tallafin dala miliyan kaza, Bankin Duniya ya amince da kaza. To ina kuɗin nan suke shiga? Ni dai burodin da nake yanka wa mutane kullum ƙara kuɗi yake yi, yana kuma ƙanƙancewa." Jama'a suka yi dariya, aka wuce zuwa wata magana. Amma ni tambayar ta tsaya mini a rai. Ni ba masanin tattalin arziki ba ne, kowa ya sani. Sai da na yi aure ina dako a kasuwar nan sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi karatun boko. To amma tun daga lokacin ban daina karatu da sauraro ba, kuma abin da na fahimta zan faɗa, wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, Naira ba ta sayen kaya a ƙasar waje. Alkamar da ake niƙawa a Apapa a yi fulawar burodin Agege, daga Amurka da Kanada da Rasha da wasu ƙasashen Turai take zuwa, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a ƙasar nan shigo da ita ake yi. Mafi yawan magungunan da ke kantunanmu daga Indiya da Sin suke. Duk waɗannan da dala ake biya, mu kuma dalarmu mafi yawanta daga ɗanyen mai take fitowa. Ranar da farashin mai ya faɗi, sai a wayi gari ga buƙata, babu kuɗin saye. A nan ne ake zuwa neman abin da ake kira tallafi.

Shi kuma tallafin nan kala uku ne, amma a rediyo duk suna ɗaya ake kiransu. Akwai wanda ke zuwa a matsayin kaya, kamar gidan sauro da allurar rigakafi da buhunan hatsi. Akwai kuɗi kyauta da ba za a biya ba. Akwai kuma rance mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, kuma shi ne mafi girma a cikin abin da muke ji ana ambatawa. Yadda yake aiki shi ne, a ba gwamnati dala, Babban Banki ya sayar da dalar ga 'yan kasuwa masu shigo da kaya, Nairar da suka biya ta shiga asusun gwamnati. Kaya su sauka a tashar jiragen ruwa, tirela ta ɗauko ta bi ta Ijora, mu sauke a kasuwa, mu saya da kuɗinmu a farashin ranar. Ke nan, Baba mai shayi, amsar tambayarka ita ce: tallafin yana cikin burodin da kake yankawa, amma ba kyauta ya zo maka ba. Ka biya kuɗin burodin yau, 'ya'yanka kuma za su biya bashin gobe.

Wannan hali ba yau muka shiga shi ba. Dattawanmu na nan Iddo sun san lokacin da jirgin ƙasa ke sauke gyaɗa da auduga da fatu daga Arewa, tun bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, a loda su a jirgin ruwa zuwa Turai. A lokacin mu ne masu sayarwa. Da kuɗin mai ya zo sai kan jirgin ya juya. A 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa ne suka yi cirko-cirko a bakin Legas ɗauke da siminti, babu wurin saukewa, ana biyan su kuɗin jira. Aka saba da shinkafar waje da madarar gwangwani da naman ƙanƙara. Da farashin mai ya karye, a 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, lasisin shigo da kaya ya zama abin da ake cinikinsa kamar goro. Ina yaro a 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, na yi layin kayan masarufi da ake kira "esenko", tun asuba har azahar, domin gwangwanin madara biyu da sabulu, soja na tsaye da bulala. A shekarun nan har musayar ɗanyen mai da kaya aka yi da ƙasar Brazil saboda rashin dala.

Da Janar Babangida ya hau a 1985, sai ya ce jama'a su yi muhawara a kan ko a karɓi rancen Asusun IMF. Jama'a suka ce ba sa so, gwamnati ta ce ta ji. Amma a 1986 aka kawo shirin SAP, wanda a cikinsa akwai kusan duk sharuɗɗan da aka ce an ƙi: aka karya darajar Naira, aka soke hukumomin sayen amfanin gona, aka fara janye hannun gwamnati daga abubuwa da dama. A shekarar nan Bankin Duniya ya ba da rancen sama da dala miliyan 400 domin a samu dalar da za a sayar wa masu shigo da kaya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun ci ladan, mun kuma yi askin.

Akwai abu guda a wancan zamani da ya shafi gidanmu kai tsaye. A farkon 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana cikin manoman rani na yankin Kadawa a ƙasar Kano, kuma ina tuna yadda alkama ta yi daraja, masu saye na biyo mu har bakin gona. Ba zan ɓoye ba, abin da aka noma bai ishi ƙasa ba, fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano, burodi ya yi tsada, masu sayar mana da alkama daga waje, musamman Amurka, ba su ji daɗi ba. A 1992 aka ɗage dokar. Alkamar waje ta dawo da araha, tamu ta rasa mai saye. Shekara guda bayan haka na hau jirgi na sauka a tashar Iddo da ƙullin kayana. Na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda, in suka bincika, za su tarar cewa irin wannan dalili ne ya kawo su Kurmi: ba gudun gida suka yi ba, gona ce ta daina ciyar da mai ita. Shi ya sa na ce maganar nan tamu ce, ba ta masu digiri kaɗai ba.

A 2005 gwamnatin Obasanjo, Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, ta daidaita da ƙasashen ƙungiyar Paris Club masu bin mu bashi. A cikin kusan dala biliyan 30, aka yafe biliyan 18, muka biya biliyan 12, aka kammala a watan Afrilun 2006. Aka yi murna, aka ce mun fita ƙangi. Bashin waje ya sauko ƙasa da dala biliyan 4. To amma a ƙarshen 2024, bisa lissafin ofishin kula da basussuka na ƙasa, ya sake haura dala biliyan 45. Na san bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba duk kuɗin nan ne aka ci a ciki ba, an yi layin dogo da hanyoyi da wasu ayyuka. Amma tambayar da nake yi ita ce, bayan duk wannan, me ya sa har yanzu in dala ta yi tari sai tukunyar gidana ta kamu da mura?

Mun ga haka da idonmu. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni aka saki Naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A tsakiyar shekarar, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. A watan Yunin 2024 Bankin Duniya ya amince da rancen dala biliyan 2 da miliyan 250 domin dafa wa waɗannan matakai. A shekarar ce kuma ƙasar Ukraine, wadda take cikin yaƙi, ta ba Nijeriya kyautar alkama tan 25,000 ta hannun Hukumar Abinci ta Duniya. Mun gode musu, amma duk mai kishi ya ji kunya a ranar. Kuma a nan kusa da mu, a Yaba, a watan Fabrairun 2024, da hukumar kwastan ta fara sayar da shinkafar da ta kama, buhu mai kilo 25 a kan Naira 10,000, turmutsitsi ya yi sanadin rasuwar mutane. Shekara arba'in bayan layin "esenko", layin bai ƙare ba, sai dai ya ƙara tsawo.

Wani zai ce, to Sakatare, so kake a ƙi karɓar tallafi ke nan? A'a, ban ce ba, kuma duk wanda ya ce a ƙi gaba ɗaya bai taɓa zaman jinya a asibitin gwamnati ba. Akwai tallafin da rai ya rataya a kansa. Tun da Shugaba Bush ya kafa shirin PEPFAR a 2003, da kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro da aka kafa a 2002, 'yan Nijeriya sama da miliyan ɗaya da rabi suka samu maganin cuta mai karya garkuwar jiki ba tare da sun saya ba. Maganin tarin fuka da ake ba 'yan uwanmu masu kwana a rumfuna kyauta, da gidan sauron da matanmu ke karɓa a awon ciki, da allurar da ake yi wa jarirai, akasarinsu da hannun masu ba da tallafi a ciki. Ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya suke cikinta ba ta da bakin yin girman kai. Da babu gara ba daɗi.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan takardar dakatar da tallafin da Amurka ke ba ƙasashen waje, a tsakiyar shekara aka rufe hukumar USAID. Babu wanda ya shawarce mu, kuma ba mu da ikon cewa don me, domin kuɗinsu ne. Gwamnati ta yi hanzari aka ware dala miliyan 200 a kasafin 2025 domin toshe gurbin a harkar lafiya, wannan abin yabo ne. Amma a watan Yulin shekarar Hukumar Abinci ta Duniya ta yi kukan cewa kuɗin ciyar da mutane sama da miliyan ɗaya a Arewa maso Gabas sun ƙare mata, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta ce yara sama da 600 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shida na farkon shekarar. Waɗannan 'ya'yan ƙannenmu ne da jikokinmu. Mu da muke aika kuɗin cefane gida duk wata mun san abin da ake ciki.

Abin takaici shi ne, a nan Yaba, tafiyar da ba ta kai a hau mota biyu ba daga inda nake rubutun nan, akwai ɗakin haɗa allurar rigakafi na gwamnati da ya yi shekaru yana yin allurar agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, har ana kai wa maƙwabta. A 1991 aka rufe shi da sunan gyara. Sannan a 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya; mu masu masaukin baƙi mun fi shekara ashirin muna yawo a wajen kashi 5. To laifin wa? Mai ba ka kyauta in ya gaji ya daina, ba ka da ƙarar da za ka kai shi.

In muna son ganin ƙarshen wannan hanya, mu dubi 'yan uwanmu na Nijar, waɗanda da yawansu muke zaune tare a nan, 'yan Maraɗi da Damagaram da Tawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ita ce mafi yawan abin da suke amfani da shi, ƙasashen Turai da Bankin Duniya suka dakatar da tallafi. Kaya suka maƙale a tashar Kwatano, magani ya yi wuya, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo, a watan Oktoba sai da gwamnatinsu ta rage kasafin kuɗinta da kashi 40 cikin 100. Sai a watan Fabrairun 2024 aka janye takunkumin. Ban zo yin hukunci a kan wa ke da gaskiya a siyasar ba. Abin da na gani shi ne, waɗanda suka yi juyin mulki ba su kwana da yunwa ba, waɗanda suka sa takunkumi ma haka. Talakan Maraɗi ne ya sha. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Akwai kuwa ƙasashen da suka ci irin wannan tallafi suka warke. Bayan yaƙin duniya na biyu, daga 1948 Amurka ta ba ƙasashen Turai ta Yamma kimanin dala biliyan 13 a shirin Marshall, akasari domin sayen abinci da makamashi da injuna. Amma kuɗin da aka samu daga sayar da kayan a cikin gida, asusu na musamman aka buɗe musu, aka gina masana'antu da gidaje da layin dogo, cikin shekara huɗu shirin ya ƙare. Indiya kuma a farin 1965 da 1966 da alkamar Amurka ta rayu, har Shugaba Johnson ya riƙa sakin jiragen kaɗan-kaɗan domin ya juya ta yadda yake so. Wannan wulaƙanci ne ya sa suka duƙufa a kan ingantaccen iri da taki da noman rani, har suka zama ƙasar da ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya. Bambancinmu da su ba a karɓa yake ba, kowa ya karɓa. Su sun ɗauki tallafi a matsayin kwale-kwalen tsallake ruwa, mu kuma mun shimfiɗa tabarma a cikinsa.

Saboda haka ra'ayina shi ne, kowane rance da za a karɓo domin shigo da abin masarufi, a tambayi mai karɓowa: yaushe za mu daina buƙatarsa, kuma me aka dasa da zai maye gurbinsa? Rancen dala miliyan 134 da Bankin Raya Afirka ya bayar, wanda da shi aka ƙaddamar da noman alkama na rani a Jigawa a watan Nuwamban 2023, irinsa ne nake maraba da shi, muddin iri da taki sun isa hannun manomin gaske, kuma ba a sake yi masa irin ta 1992 ba. Matatar mai da kamfanin takin da ɗan Kano ya gina a Lekki sun nuna cewa abin da aka ce sai an shigo da shi ana iya yin sa a gida, ko da yake yin abu a gida daban, saukinsa ga talaka daban. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda shi ne aikin wannan takarda tamu, wato haƙƙi. Idan za a je neman tallafi, da kawunanmu ake zuwa. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kusan kashi biyu cikin uku a Arewa. Irin wannan lissafi ake ajiye wa masu ba da rance a kan tebur. Idan ana ƙidayar jama'a, Legas ce ke ƙidaya mu, kamar yadda aka yi a 2006. Idan an zo biya, babu wanda ake tambaya asalinsa: harajin kashi 7 da rabi da ke kan katin waya, da tikitin kasuwa, da kuɗin lodi da sauke, da tsadar mai, duk muna biya daidai da kowa. Sai an zo rabo ne ake tuna cewa mu baƙi ne.

Ba zato nake yi ba. Lokacin da ake rubuta sunaye domin wani tallafi, wata baiwar Allah maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu duk haihuwar nan, ta je wurin rajista aka ce mata ta tafi jiharsu a rubuta ta. Ta sa aka bincika mata a garinsu, aka ce ai ita 'yar Legas ce, ba a san ta a mazaɓa ba. Ta zama jemage, ba ta cikin tsuntsu ba ta cikin dabba. Muka koma tare da ita ni da mutum biyu daga cikin shugabanni, muka yi magana cikin ladabi, muka nuna shekarun zamanta da rasit ɗin hayarta, aka rubuta ta. Ban ce duk ma'aikata haka suke ba. A cikin 'yan uwanmu Yarabawa akwai waɗanda suka tsaya mana fiye da namu, kuma talakansu ma kuka yake yi da irin rabon. Amma mata nawa ne irinta da ba su da mai raka su?

Ya kamata kowane magidanci ya san cewa kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya ga dama a Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce ba a cin bashi sai domin manyan ayyuka da gina ɗan Adam. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ni da kai damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati mu tambayi yadda aka kashe kuɗi. Tallafin Naira 25,000 na wata uku da aka ce za a ba gidaje miliyan 15 a 2023, da rancen dala miliyan 800 na Bankin Duniya aka shirya shi. Bashi ne a wuyan Nijeriya baki ɗaya, ba a wuyan 'yan asalin wata jiha ba. Wanda zai biya yana da haƙƙin ci, yana kuma da haƙƙin tambaya.

Amma fa in na tsaya a laifin wasu ban yi adalci ba. Mu ma muna da namu. Da yawanmu sun shekara ashirin a nan ba su da lambar NIN, ba su da katin zaman Legas na LASRRA, katin zaɓensu na ƙauye, yaransu ba takardar haihuwa. Wasu in an zo allurar rigakafi sai su rufe ƙofa, in an zo rubuta suna sai su ce haraji ne. Wasu kuma, abin kunya, gidan sauron da aka rubuta ba na sayarwa ba ne a jikinsa, a rumfunanmu ake ganinsa, ko an rufe tumatir da shi. Wanda ya sayar da maganin da aka ba marar lafiya kyauta, me ya raba shi da babban da ya karkatar da tirela? Girman buhu ne kawai.

Don haka ina ba da shawara kamar haka. Na farko, kowane gida ya tabbata babba da yaro suna da lambar NIN, manya su yi katin zaman Legas, su kuma dawo da katin zaɓensu inda suke kwana, domin kansila ba ya jin muryar da ba ta da ƙuri'a. 'Yan uwanmu na Nijar su ma su gyara takardunsu na zama. Na biyu, mata su riƙa zuwa awo da rigakafi a asibitin unguwa, kuma duk abin da aka san kyauta ne aka ce a biya, a nemi rasit, a kawo wa ofishin ƙungiya. Na uku, duk wanda aka hana rajista saboda asalinsa, kada ya yi faɗa, kada kuma ya yi shiru. Ya riƙe rana da wuri, ya zo mu rubuta, mu bi ta hannun sarakunanmu da shugabannin unguwa. Na huɗu, 'yan majalisar da ke amincewa da waɗannan basussuka a Abuja, na nan da na gida, in sun zo neman ƙuri'a da buhun shinkafa, mu tambaye su rance nawa suka sa wa hannu, kuma ina aikin. Na biyar, mu da muke aika kuɗi gida, mu riƙa ware wani abu domin taki da injin ban ruwa, kada duk ya ƙare a biki. Ajin yaƙi da jahilcinmu kuma yana nan bayan sallar Isha'i; wanda bai iya karanta takarda ba, kowa ma sai ya karanta masa abin da ya ga dama.

Baba mai shayi, wannan ce amsar da na iya samo maka. Mu gode wa wanda ya taimaka, mu karɓi abin da rai ke buƙata, amma mu daina ɗaukar sa sadaka ce da ba a tambaya a kanta, domin sunanka da nawa suna cikin takardar bashin ko ba mu sa hannu ba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi da riƙon amana, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Wassalam.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Iddo, Legas.